Gandun Madugu, Shafi na 19: Ɗorawar da Ba Ta da Ƙyalle

Salamu alaikum, jama'a. Masu yi mini faɗa a ƙasan shafin jiya wai na tsaya a inda bai kamata ba, na gani, na kuma yafe. Ke kuma Hajiyar da kika ce in aka taɓa soron nan kin daina karatu, gyara zama, ba ni na ɗauko inji ba.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Soron da Madugu Uwaisu ya gina a bakin kogin Watari tun zamanin fataucin goro, azararsa ta tsage, ga damina a bakin ƙofa. Abdulkabir, tattaɓa-kunnen Madugu, shi dangi suka wakilta a kan gandun. Ya nemi mai kama masa a cikinsu ya rasa, sai ya samo Alhaji Khalilu na Bacirawa, mai wuraren biki. Alhaji zai gyara soron kafin ruwa ya sauka, shi kuma a ba shi filin gaban soron ya gina ɗakin biki. Filin kuwa ɗorawa ce cike da shi. Yau aka sa ranar sara.

*

Da hantsi motar Alhaji Khalilu ta karyo kwanar gandu. Abdulkabir na gaba. Ɗanliti mai injin sare itace na baya, ya rungume injinsa a cinya kamar mai goyo.

Alhaji ya taka burki tun ba a iso ba.

"Tsaya in ƙara kallonsa," in ji shi.

Abin kallon ne kuwa. Na taka ƙasashe, na ga gine-ginen ƙasa iri-iri, amma soron Madugu daban ne. Ja ne wur, kamar yanzu aka kwaɓa ƙasarsa. Zankwayensa a tsaye, ko ɗaya bai sunkuya ba. Tagar bene tana duban kogi, daga nan Madugu yake hango ayarinsa in sun sauko mashaya. Ƙofar kuwa katako ne mai kauri da ƙusoshin maƙera, in yaro ya tura sai ya sa kafaɗa.

"Abdulkabir, kakanka namiji ne," in ji Alhaji. "Wallahi amarya ta tsaya a ƙofar nan aka ɗauke ta hoto, sati ba zai zagayo ba sai duk 'yan matan Kano sun ce nan suke so."

"Allah ya sa, Alhaji."

"Ƙasa mu zuba kujerun fata na manyan baƙi. Benen mu bar shi yadda yake, 'yan makaranta su riƙa zuwa suna gani. Bakin kogi a yi rumfuna, ana gasa kifi. Masu shirya fim ma sai sun yi layi."

Ɗanliti ya leƙo ta tsakanin kujeru.

"Ranka ya daɗe, bikin har an fara ne?"

"Wane biki?"

"To ga mata can."

Suka duba.

Gindin kowace ɗorawa akwai mace a zaune. Wata da tabarma, wata a kan juyayyiyar ƙwarya, wata ta shimfiɗa gefen zaninta. Kowace bishiya an ɗaura mata ƙyalle a gindi, wannan ja, wancan atamfa, wani ma tsohon ɗankwali ne. Ba mai hayaniya. Wasu har suna ɓarar ɗorawa suna tara kalwa a faifai kamar a tsakar gidansu.

Can a kan dakalin soro, tsohuwa ce zaune da sanda a tsakanin gwiwoyinta. Gwaggo Barira, yayar mahaifin Abdulkabir. Ita ce ta ƙarshe da aka yanke wa cibiya a cikin soron nan.

Abdulkabir ya buɗe ƙofar mota. Ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Gwaggo, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗan nan. Ya iyali?"

"Lafiya lau. Gwaggo, da ranar nan kika fito?"

"Na ji an ce kana da baƙo. Ba a yin baƙo a gidan ubana ina ɗaka."

Alhaji Khalilu ya iso, shi ma ya rusuna har babbar rigarsa ta share ƙasa. Mutum ne da ya san inda ake durƙusawa.

"Inna, barka da hutawa."

"Barka kadai, Alhaji. Kai ne mai gyara mana soro?"

"In Allah ya yarda, Inna."

"Allah ya yi albarka. Wancan kuma mai goyon ƙarfe fa?"

Ɗanliti ya ɓoye injin a bayansa, kamar zai ɓoyu.

"Inna, ni ɗan aike ne."

Wata mata ta kwashe da dariya daga gindin ɗorawar da ke kusa. Furera ce, 'yar Gwaggo ta fari, taubashiyar Abdulkabir. Duk kasuwar Tofa an san daddawarta, an kuma san bakinta.

"Kabiru ɗan birni!" in ji ta. "Ka zo korar mu ko ko ka zo sayen daddawa? In saye ne, kai ba na ba ka bashi, na san halin 'yan wando."

"Furera, don Allah yau ba ranar wasa ba ce."

"Ai na gani. Har ka yi gumi a hanci."

Abdulkabir ya juya wurin Gwaggo, ya sassauta murya.

"Gwaggo, na aiko tun makon jiya a gaya wa kowa ta sauke ɗorawarta ta bana. Ban hana kowa ba. Alfarmar da gidan nan ya saba yi wa mata, na cika ta har ƙarshe."

Gwaggo ta ɗago kai a hankali.

"Me ka ce?"

"Na ce alfarmar da..."

"Alfarma."

Ta juya ta dubi matan. Ba ta ɗaga murya ba, amma har ta can ƙarshe ta ji.

"Kun ji? Ashe alfarma ake mana."

Aka yi ta guna-guni a gindin bishiyoyi.

"Zauna, Abdulkabir. Alhaji, kai ma samu wuri. Abin da ubanka ya kamata ya gaya maka ne, ya tafi bai gaya maka ba."

Suka zauna a ƙasa gabanta.

"Ƙasar gandun nan gado ce, an raba ta yadda shari'a ta ce, kai kuma an wakilta ka. Ban yi musu ba. Ka ga dama ka zuba mata siminti tun daga nan har kogi. Amma itacen da ke kanta bai taɓa shiga gado ba."

"Kamar yaya, Gwaggo?"

"Madugu in ya tafi fatauci sai ya shekara bai dawo ba. Ya ce ba zai bar matan gidansa suna jiran hannun namiji kafin su sa daddawa a miya ba. Duk yarinyar da aka haifa a gandun nan, duk amaryar da aka kawo, sai ya dasa ɗorawa ya kira shaidu ya ce ta wance ce. Kyauta, hannu da hannu. Har matan barorinsa. Ita kuma in ta ga ƙarfinta ya fara tafiya, sai ta kama hannun 'yarta ta ɗora a jikin bishiyar. Haka muka taras, haka muke yi."

Ta nuna da sanda.

"Waccan mai jan ƙyalle, ta Tahira ce, daga kakarta. Ta kusa da ita ta Khairiyya. Wadda Furera ke zaune a gindinta, ni na ɗora hannunta a kai shekarar da aka yi mata aure. Wace ce taka a ciki da za ka yi alfarma da ita?"

Abdulkabir bai taɓa jin wannan ba. Shi tun yana jariri aka kai shi birni wurin kawunsa. Gandu sai da salla. Yana ganin mata da dogayen gora suna sauke ɗorawa, ya ɗauka kirkin gidansu ne.

Alhaji Khalilu kuwa murmushi yake, yana girgiza kai.

"Kai! Madugu ya yi tunani. Inna, wallahi ban taɓa jin irin wannan ba. Mutum ya bar wa mata abin da ba mai ƙwace musu."

"Ka ga kai ka gane."

"Na gane sarai. To yanzu mene ne hukunci?"

"Hukunci mai sauƙi. Duk bishiyar da kake so, ga mai ita nan zaune. Ka je ka dube ta ido da ido ka tambaye ta. In ta kwance ƙyallenta da hannunta, sare. In ba ta kwance ba, ko ganye kada a taɓa."

Abdulkabir ya miƙe tsaye. 

"Gwaggo, ki taso ki ga wani abu."

"Na san abin da za ka nuna mini."

"Duk da haka ki taso. Furera, ke ma zo."

Ya sa kafaɗa ya tura ƙofar. Sanyi ya fito ya tarye su kamar an buɗe randa. Duk zafin bazarar nan, cikin soron Madugu sai ka nemi mayafi. Bakan gizon da ke riƙe da rufin ya tashi daga kusurwa huɗu ya haɗu a sama, an bi shi da zane, har yanzu shuɗin bai gama koɗewa ba. Ɗanliti da ya biyo su ya saki baki, ya cire hula bai sani ba.

Abdulkabir ya nuna sama, wajen gabas.

Azara ce ta tsage, ta yi ciki, ƙasar rufin ta biyo ta. Ta tsagar har ana hango haske.

"Kun gani? Bara da yatsa nake auna ta. Bana hannuna yana shiga. Magini ya ce ruwa biyu masu ƙarfi, shi ke nan. Na je gidan kowa, Gwaggo. Na je Kaduna wurin Baba Ƙarami, na je Ungogo, na je har Abuja. Kowa sai ya ce Allah ya kawo mafita, ya ba ni ruwan sanyi. Mutum ɗaya ne ya ce zai ɗora hannu, ga shi nan tsaye. Ni ba ƙin ɗorawa nake ba. Soron nan nake so ya kwana."



Gwaggo ta daɗe tana kallon tsagar.

"A wancan lungun aka haife ni," in ji ta. "Kana tsammani ban fi ka jin ciwo ba? Amma gaya mini, jan nan da Alhaji yake yabo a jikin bango, da me ake yaɓa shi?"

"Da makuba."

"Makuba daga ina?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ɓawon ɗorawa ne, ɗan nan. Mu muke tara shi duk shekara. Ka sare su, ka gyara azara, baɗi da me za ka yaɓe bangon?"

"Akwai fenti, Inna," in ji Ɗanliti.

Furera ta harare shi.

"Kai da fentin ku ci gidanku. Wa ya sa da kai?"

Alhaji Khalilu ya yi gyaran murya.

"Inna, makuba ba za ta gagara ba, ko daga Bichi sai a kawo. Amma ke me kike so a yi da gidan? Gaya mini, wataƙila tunaninki ya fi nawa."

"A zuba yara a ƙasa su yi karatu. Bayan gida mata su kafa tukwanen daddawa, ga ruwa kusa. Bene a bar wa baƙo."

"Tunani mai kyau. Wa zai ɗaga azarar?"

Gwaggo ta mayar da ido kan tsagar. Alhaji ya ci gaba.

"Kin ce in tambaye su ido da ido. Kin ba ni izini?"

"Na ba ka."

Jama'a, ku ji yadda ɗan kasuwa yake aiki. Da aka fito kowa ta koma wurin zamanta, bai tara su ya yi musu jawabi ba. Bai ciro komai daga aljihu ba. Gindin bishiyar Furera ya fara zuwa, don ya gane in ta motsa saura za su motsa. Ya tsuguna a gabanta cikin rana.

"Hajiya Furera, wa yake hau miki bishiyar nan?"

"Da yarana. Yanzu duk sun tafi tuƙa adaidaita."

"To bana wa ya sauke?"

"Ni da gora."

"Wuyan fa?"

Ta taɓa wuyanta ba ta sani ba.

"Yana nan yadda yake."

"Tana ba da kalwa kamar da?"

"Ina fa. Ta tsufa. Rabin kalwar da nake dafawa ma a kasuwar Dawanau nake saye."

"To ji. Zan yi jerin shaguna a bakin ƙofa, da rufi da ƙofar ƙarfe. Duk matar da ta kwance ƙyalle, shago ɗaya nata ne, ita ma ta ɗora hannun 'yarta a kai in ta tashi. Kuma duk girkin da za a yi a wurin nan, ba a sa daddawar kowa sai ta matan gandu. Na faɗa a gaban Inna, na faɗa a gaban Allah."

Furera ta sunkuyar da kai. Bakin nan da ba ya mutuwa, yau ya mutu.

Ta dubi uwarta a kan dakali.

"Inna..."

"Kada ki dube ni. Taki ce. Ranar da na ba ki ban ce sai kin tambaye ni ba."

"Inna, gwiwata. Ga 'yata Fauziyya ta isa aure, ita ko ƙanshin kalwa ba ta so. In na bar mata bishiya me za ta yi da ita?"

"Na ce taki ce."

Furera ta tashi. Ta dafa bishiyar da tafin hannu, ta daɗe a haka. Sannan ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta ninke ƙyallen ta cusa a ƙugu. Ba ta kalli kowa ba.

Daga nan abin ya zama kamar zubar ganye. Tahira ta kwance. Khairiyya ta yi kuka, ta kwance. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta son shago, a dai bar mata itacen ta yi girki da shi, ta kwance. Waɗanda suka ƙi ba su da yawa, kuma duk a gefe suke, wajen shinge. Alhaji ya ce waɗannan a bar su, ko ma baƙi sa sami inuwar ajiye mota.

Ni dai ban ga laifin kowa ba. Wanda bai taɓa ɗaga gora sama tun safe har azahar ba, kada ya zagi Furera.

Gwaggo Barira tana zaune ba ta motsa ba. Ko fuskarta ba ta canja ba. Duk wadda ta kwance, in ta zo wucewa sai ta rusuna, Gwaggo ta ce, "Allah ya sa albarka a ciki." Har cikin ranta take faɗa.

Iska ta ɗan taso daga gabas, mai ɗumi, mai ƙanshin ƙasa. Kowa ya ɗaga kai. Can ƙasan sama ya fara yin baƙi.

"Ɗanliti, yi maza," in ji Alhaji.

Ɗanliti ya zuba mai, ya dubi fili, ya nuna tsakiya.

"Mu fara da babbar can, ranka ya daɗe. Ita ba ƙyalle, ba mai zama. Marainiya ce."

Ita ce ta fi kowace girma. Tana kan ɗan tudu a tsakiyar fili, rassanta sun baje kamar rumfar kasuwa, 'ya'yan sun yi lodi har suna rinjayar ta. Ba wanda ya sauke ko ɗaya.

Ya saɓa inji ya nufe ta.

"Kai, mai goyon ƙarfe."

Ya tsaya cak.

"Tana da mai ita."

"To ina take, Inna? A kira ta."

"Ba ta jin kira."

Matan da suka fara naɗe tabarmi suka tsaya. Furera ta rufe baki da mayafi.

Gwaggo ta dogara sanda ta miƙe. Ta taka a hankali har gindin bishiyar, kowa na biye da ita.

"Abdulkabir, zo nan."

Ya zo.

"Wa ya haife ka?"

"Gwaggo..."

"Faɗi sunanta."

"Maimunatu."

"Ranar da aka kawo ta gidan nan, babana ya kama hannunta ya ɗora a nan. Daidai nan. Yarinya ce mai kunya, har ta ƙi ɗago kai. Ba ta ci kalwarta ta kai shekara uku ba, ta haife ka, ta kwanta, ba ta tashi ba."

Abdulkabir ya dafa bishiyar.

"Ba ta bar 'ya mace ba. Ubanka ya ce ba ya so, ba ya iya kallonta ma. Ya ce a bar wa Maimunatu abarta. Tun daga shekarar, in kowa ta gama sauke tata, sai mu haɗu mu sauke wannan. Mu dafa, mu daka, mu yi daddawa. Ba a sayar da ko ƙwaya. Gidan marayu, gidan mai jego, gidan da aka yi rasuwa, makarantar Malam. A miƙa a ce sadakar Maimunatu, a yi mata addu'a."

"Tun yaushe?"

"Shekarunka nawa?"

Ya zame ya zauna a kan saiwa.

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ubanka ya hana. Ya ce kada a tayar maka da maraici."

Furera ta matso, ba wasa a muryarta.

"Daddawar da nake aika wa matarka duk shekara, ka taɓa ganin na karɓi wani abu? Daga nan take, Kabiru. Inna ta ce kai ma maraya ne, kana da rabo."

Ɗanliti ya sauke injin ƙasa a hankali, kamar kada ya yi ƙara.

"Shi ya sa ba ƙyalle," in ji Gwaggo. "Ba mai ikon ɗaurawa sai kai, ba mai ikon cewa a sare sai kai. Ga ka, ga ta."

Abdulkabir ya ɗago jajayen idanu ya dubi Alhaji Khalilu.

"Alhaji, a matsar da ginin."

Alhaji ya cire hula ya shafa kai. 

"Ɗan'uwa, da zai yiwu, wallahi ba sai ka roƙa ba. Ni ma uwata tana ƙasa. Amma dubi filin. Gabas soro ne. Yamma da kudu fadama, in Watari ta kawo har gwiwa. Tudun nan kaɗai ne ruwa ba ya hawa. In na yi gini a gefenta, saiwarta za ta fasa shi. In ba nan ba, babu."

"Ka gyara soron kawai, mu nemi wata hanya daga baya."

"Ba ni kaɗai ba ne, ina da abokan tarayya. Ba za su saki komai ba sai sun ga fili a share. Ba zan yi maka ƙarya ba don ka ji daɗi."

Aka yi tsawa can nesa, doguwa, kamar ana mirgina turmi.

Kowa ya dubi soron. Kowa ya dubi bishiyar.

"In ka sare, Allah ba zai kama ka ba," in ji Gwaggo. "Halalinka ce. In ka bari, soron kakanka ne zai tafi. Ba zan zaɓa maka ba."

Abdulkabir na zaune a kan saiwa. Iska tana kaɗa 'ya'yan ɗorawa suna ƙwanƙwasa juna a samansa.

Sai ya miƙe. Ya cire agogo ya sa a aljihu. Ya naɗe hannun riga.

"Ɗanliti, ba ni injin."

"Yallaɓai, ka iya?"

"Ba ni."

Ya karɓa. Mata suka ja da baya, wata ta fara salati.

Bai kalli ɗorawar ba. Ya juya ya dubi bakin kogi, inda wata giginya take tsaye ita kaɗai, doguwa, miƙaƙƙiya, baƙa ƙirin don tsufa. Sannan ya zo ya durƙusa a gaban Gwaggo, inji a hannu.

"Gwaggo, kin ce a tambayi mai itace ido da ido."

"Na faɗa."

"Ba zan sare ta uwata ba. Alhaji, ka yi haƙuri. Amma soron nan ba zai faɗi ina kallo ba. Azara nake nema, ko ta tokare shi ya wuce daminar nan. Duk gandun nan giginya ɗaya ce ta ƙosa ta ba da azara. Ta wace ce?"

Furera ta dafe ƙirji.

"Kabiru! Ka san me kake tambaya kuwa? Inna ta hana a taɓa giginyar nan tun ina yarinya. Ita ta ajiye a tsaga a rufe mata kabari, don gara ba ta cin ta. Har liman ta gaya wa!"

"Ban sani ba," in ji shi, bai ɗauke ido daga kan Gwaggo ba. "Yanzu na sani. Gwaggo, in sare ko in bari?"

Alhaji Khalilu ya mayar da hularsa.

"Abdulkabir, ka yi tunani. In na shiga motar nan, shagunan matan nan sun shiga tare da ni."

Waɗanda suka kwance ƙyalle suka dubi juna.

Ɗigon ruwa na fari ya faɗo a kan ƙarfen injin.

Gwaggo Barira ta dubi giginyar, ta daɗe. Ta dubi soron. Sannan ta sunkuyo har goshinta ya kusa taɓa nasa.

"Ka iya tambaya, ɗan Maimunatu. Sare."

Ya yunƙura zai tashi. Ta ɗora masa sanda a kafaɗa.

"Ban gama ba. Ranar da aka ɗora azarar nan, ka je birni ka kwaso matarka da 'ya'yanka, ku tare a cikinsa. Ba zan ba da itacen kabarina a rufa wa jemagu ɗaki ba."

Kafin ya buɗe baki, waya ta ɗauki ƙara a aljihunsa.

Ramlat ce, matarsa. Wadda tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa yarda ta kwana a ƙauyen nan ba.